Yadda Muka Shirya Wa Ƙannenmu Tashe A Cikin Gida

 A wannan fitowar muna so mu ba ku labarin wasan da muka shirya wa ƙannenmu a hutun azumin 2025. Za mu faɗe shi dalla-dalla, domin mun san yawancinmu muna da ƙanne a gida, kuma duk wanda ya ga abin ya yi masa zai iya gwadawa.

Kowa ya tuna cewa a 2025 an tashi da azumi ranar Asabar 1 ga Maris, bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata ranar Juma'a da daddare. Jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba makarantu hutu, ba a koma ba sai bayan Sallah. Ranar da aka sallame mu har tsalle muka yi. Amma kafin azumi ya kai biyar, zaman gidan ya fara isar mu.

Gidanmu babban gida ne na gado a cikin birnin Kano. Idan ka wuce zaure za ka tarar da ƙofa shida: ta Kaka, ta Innarmu, ta matar babban Baffa, ta Goggo, turakar Baba, sai ɗakin ƙaramin Baffa da ke kusa da zaure. Ƙananan yara bakwai ne, daga mai shekara uku zuwa mai takwas. Mu da muka ɗan tasa mu uku ne, mata biyu da namiji ɗaya, kuma a kanmu aikin lura da su ya faɗo.

Wanda bai taɓa tsaron yara bakwai da azumi a bakinsa ba, bai san wuya ba. Su ba sa azumi, in ban da manyan biyu da suke yin na rabin rana. Cikinsu a cike, ƙarfinsu a jikinsu, mu kuwa ga zafin Maris ga ƙishirwa. Tun safe ake faɗa a kan wayar Yaya, kowa yana son kallon katun. Da la'asar, lokacin da iyayenmu mata suke fama da kunu da suyar ƙosai, a lokacin ne wannan zai ture wancan kusa da kasko. Da daddare kuma idan suka ji yaran unguwa suna gwada kiɗan gwangwani a waje, sai su ruga zaure, a koro su.

Baba ya riga ya kafa doka cewa babu mai fita tashe. Ba mu ga laifinsa ba. A 'yan shekarun nan an sha sanarwa a rediyo cewa an dakatar da tashe a cikin gari, saboda ɓata-gari da suke fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan daba. Mu ukun mun ɗan taɓa fita muna ƙanana, muna riƙe da hannun yayyenmu. Su bakwai ɗin nan kuwa ko sau ɗaya ba su taɓa gani ba.

Abin da ya tayar da mu shi ne wata tambaya. Ana shan ruwa ranar azumi na shida, Goggo ta ce saura kwana huɗu a fara tashe. Sai ƙanwarmu mai shekara biyar ta ɗago kai daga kofin kununta ta ce, "Goggo, mene ne tashe? Ci ake yi?" Kowa ya yi dariya ban da Kaka. Ta ajiye carbinta ta ce, "Yau ga jikata, haifaffiyar cikin ganuwa, tana tambaya ko tashe abinci ne. In na mutu shi ke nan, ya fita daga gidan nan." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba har aka tashi sallah.

A daren muka zauna mu uku a bakin rijiya muka yi shawara. Baba ya hana fita ne, bai hana wasa ba. Gidanmu kuma ƙofa shida gare shi. Me zai hana kowace ƙofa ta zama gida guda, tsakar gida ta zama unguwa?

Neman izini

Washegari bayan sallar Azahar muka sami Baba a turaka, muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗi buƙatarmu. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya gindaya sharuɗɗa biyar. Ba za a wuce zaure ba. Ba za a fara ba sai an dawo daga sallar Asham. Ƙarfe goma kowa ya kwanta. Ba za a kwaikwayi wata ƙabila ko wani mai lalura don a yi masa dariya ba. Idan goman ƙarshe ta shigo, an rufe wasa, lokacin ibada ne. Muka ce mun yarda. Da muka lissafa, sai muka ga muna da dare goma cif, daga ranar azumi na goma zuwa na goma sha tara.

Makarantar Kaka

Sai batun koyo. Mu kanmu guntu-guntu muka iya, don haka tsakanin Azahar da La'asar ɗakin Kaka ya zama aji. Ta fara da asalin sunan. Ta ce daga tashi aka samo tashe, domin a da samari ne suke zagayawa da kiɗa suna tashin mutane su yi sahur, musamman gwauro wanda ba shi da matar da za ta tashe shi. A hankali abin ya zama wasan kwaikwayo na yara, wanda ake farawa idan azumi ya kai goma, ana bi gida-gida bayan an sha ruwa, masu gida suna ba da hatsi ko kuɗi.

Ta koya mana wasa huɗu. Na farko Tsoho da Gemu, inda yaro yake shigar tsoho tukuf, da gemun auduga da sanda da doro, sauran suna yi masa waƙa yana amsawa da muryar tsufa. Ta ce wannan yana tuna wa mutane su ji ƙan tsofaffi. Na biyu Ka Yi Rawa, inda ake tuhumar wani malam da cewa an gan shi yana rawa, shi kuma yana musu, amma garin nuna irin rawar da bai yi ba sai ya ɓige da yin ta. Na uku Jatau Mai Magani, mai tallar sassaƙe da saiwoyi, wanda babu cutar da ba ya ce yana da maganinta. Na huɗu na 'yan mata ne, Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya take shigar miji ɗaya ta amarya, ana nuna yadda zaman aure yake.

Kaka ba ta iya daɗewa a zaune saboda ciwon ƙafa, kuma muryarta takan shaƙe da azumi. Saboda haka takan rera baiti ɗaya a hankali, mu maimaita, ɗayanmu ya rubuta a bayan tsohon littafin lissafi. Inda ta manta sai ta aika a kira Goggo. Wani lokaci su yi ta musu a kan wane baiti ne yake gaba, mu dai muna riƙe da biro muna jira. Cikin kwana uku muka cika shafi tara.

Tsohon kara

Akwai matsalar da tashe shi kaɗai ba zai magance ba. Tashe na dare ne, fitinar yara kuwa da rana take. A nan ne Yaya ta kawo wata dabara. Ta nuna mana a wayarta wata al'ada ta mutanen Amurka da suke yi wa 'ya'yansu kafin Kirsimeti. Al'adar ta samo asali ne daga wani littafin yara mai suna The Elf on the Shelf, wanda wata uwa, Carol Aebersold, da 'yarta Chanda Bell suka fitar a 2005. Ana sayar da littafin tare da wani ɗan mutum-mutumi mai jajayen kaya da hula mai tsini. Daga ƙarshen Nuwamba har zuwa 24 ga Disamba, kullum idan yara sun yi barci sai iyaye su canja masa wuri. Yau a same shi a kan kanta, gobe a cikin kwano, jibi yana lilo a jikin labule. Ana gaya wa yaran cewa da dare yakan tafi wurin Santa, tsohon nan mai farin gemu da aka ce yana raba wa yara kyauta, ya kai rahoton wanda ya yi kirki da wanda ya yi ƙiriniya, sannan ya dawo kafin gari ya waye. Kuma an hana su taɓa shi, wai in an taɓa shi ƙarfinsa zai gudu.

Ɓoyon da neman sun burge mu ƙwarai. Muka je wa Inna da maganar. Tana tankaɗe ta tsaya ta dube mu ta ce, "Ku ce wa yaran nan kara yana tashi yana yawo da tsakar dare? To wa zai dinga raka su banɗaki? Ku?" Sannan ta tuna mana abin da aka koya mana a Islamiyya, na matar da ta kira ɗanta ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Inna ta ce 'yar tsana ba laifi ba ce ga yara, Nana A'isha ma ta yi wasa da su tana ƙarama. Ƙarya ce ba a yi wa yaro, balle a watan azumi.

Saboda haka muka ɗauki ɓoyon, muka bar musu labarin rahoton. Muka zaro karan dawa guda daga dannin bayan gida, muka yanke shi kamar tsawon tafin hannu biyu, muka soka masa hannuwa da ƙafafu na ɓawon kara. Goggo ta ɗinka masa 'yar riga da ragowar yadi, muka naɗa masa rawani da farin tsumma, muka manna masa gemun auduga da ƙaro, muka ɗiga masa idanu da biro. Muka tara yaran muka ce, "Ga Tsoho. Kara ne, mu muka yi shi, ba ya motsi. Kullum bayan sahur za mu ɓoye shi. Wanda ya gano shi, shi zai riƙe shi a gaban tashe da daddare." Mun ɗauka sanin gaskiyar zai rage musu ɗoki. Ko kaɗan bai rage ba. Sai ma suka fara yi mana barazana cewa ba mu isa mu ɓoye abin da ba za su gano ba.

Muka ƙara masa aiki guda. Kullum mukan ɗaura masa 'yar takarda a hannu mai zanen wasan da za a yi a daren, tunda yawancinsu ba su iya karatu ba. Gemu yana nufin Tsoho, allo yana nufin malam, ƙullin magani Jatau, ƙwarya kuma wasan 'yan mata. Da an gano shi an san wasan, sai a shiga haɗa kaya da gwaji. Da haka safiya take tafiya wurin nema, yamma kuma wurin shiri, iyayenmu mata su yi girkinsu babu mai bi ta kan wuta.

Mun ɓoye shi a cikin turmi, da bayan randa, da cikin takalmin Baba, da kan igiyar shanya a tsakanin kayan wanki. Ranar da muka sa shi a kan akurki, kaza ta cire masa rabin gemu, sai da aka sake manna wani. Don kada manya su dinga cinyewa kullum, muka sa doka: mai shekara bakwai da mai takwas sai sun ƙirga hamsin a zaure kafin su fara nema. Ranar Auta kuwa, mai shekara uku, a ƙarƙashin tabarmarta muka sa shi, ƙafarsa a waje.

Kayan wasa

Ba mu kashe ko sisi ba. Ganga biyu muka yi da gwangwanin madara, muka rufe bakinsu da takardar buhun siminti da aka jiƙa, muka ɗaure da roba, muka shanya a rana har ta ɗame. 'Yan mata kuma baho muka cika da ruwa, muka kife ƙwarya a kai, ana bugun ta da ludayi. Duk wanda bai taɓa jin wannan kiɗan ba ya gwada, ƙararsa tana da zurfi kamar ta babbar ganga. Audugar gemu daga wani tsohon matashin kai muka ciro ta. Ba mu manna ta a fuskar yara ba, a jikin tsumma muka ɗinke ta, muka sa zare ana ɗaurawa ta bayan kunne, don kada ta shiga hanci ko baki. Doro kuwa tsumma ne a cusa a bayan riga. Baba ya ara mana tsohuwar babbar riga da hula, muka ɗauko allo da buzu na malam, Jatau kuma muka cika masa jaka da ɓawon itace da busasshen ganyen darbejiya.

Inna ta gargaɗe mu tun da wuri cewa ƙaramin yaro yana tsoron fuskar da bai sani ba. Don haka duk wanda za a shafa wa gawayi ko toka, a gaban Auta ake shafa masa, wani lokaci ma ita take shafawar.

Daren farko

Ranar Litinin 10 ga Maris, da aka dawo daga Asham, an ɗauke wuta. Muka rataye fitila mai caji a jikin bishiyar tsakar gida, muka jera yaran a zaure. Muka koya musu cewa ba a faɗa wa ƙofar mutane haka kawai, sai an yi sallama an ce ga masu tashe, an jira izini. Ƙofar Kaka muka fara zuwa. Suka haɗa baki suka yi sallama. Daga ciki Kaka ta ce, "Su wane ne? 'Ya'yan wane gida ne?" kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Yaran suka dubi juna, sai mai shekara biyar ta ce, "Kaka, mu ne fa!" Kaka ta ce ita ba ta da jikoki masu gemu, amma su shigo.

Waƙar ta watse sau biyu, mai ganga ɗaya ya fasa takardarsa tun a ƙofa ta biyu, gemun Tsoho ya koma kunne. Duk da haka kowace ƙofa ta ba da wani abu. Kaka ta zuba gero a ƙwarya, Inna ta ba da dabino, Baba ya miƙo naira ɗari yana ƙoƙarin ɓoye dariya. Ƙofa ɗaya ce kawai ba a buɗe ba, ta ƙaramin Baffa. Ta taga ya miƙo naira hamsin.

Ƙaninmu mai in'ina

A cikin yaran akwai ƙaninmu ɗan shekara shida mai in'ina. Saboda dariyar da ake yi masa a waje, ya daina magana a gaban mutane. Ko aikensa aka yi kanti, sai dai ya nuna abin da hannu. A dare biyu na farko ganga kawai yake riƙewa a baya.

Ranar azumi na goma sha biyu shi ya gano Tsohon kara a bayan randa, kuma takardar ranar zanen gemu ce. Muka tambaye shi a gefe ko yana so ya zama Tsoho, tunda shi ya gano. Ya daɗe yana murza rigar ɗan karan, sannan ya gyaɗa kai. Mai shekara takwas ya buɗe baki zai yi magana, muka harare shi ya rufe.

Da yamma muka shiga bayan ɗaki da shi muka gwada. Abin mamaki, da ya sa gemu ya duƙa a kan sanda ya fara amsa waƙar da rawar murya irin ta tsofaffi, ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Daga baya Yaya ta gaya mana cewa sananne ne, masu in'ina da yawa ba sa yin ta idan suna waƙa. Mu dai a ranar muka fara gani. Da daddare ya yi wasan a ƙofa biyar. A ƙofar Inna, da ya gama, ta kasa cewa komai, ta juya ciki kamar tana neman abin da za ta ba shi, ta daɗe ba ta fito ba. In'inarsa tana nan har yanzu. Amma tun daga ranar, duk wanda ya tsokane shi a gida sai ya duƙa ya yi masa muryar Tsoho, a yi dariya tare da shi. Kuma yanzu da baki yake faɗin abin da aka aike shi.

Maganar gwauro

Abu mafi nauyi da ya taso shi ne na ƙaramin Baffa. Aurensa ya mutu a watan Sha'aban, saura kwanaki a fara azumi. Tun daga lokacin a ɗakinsa yake shan ruwa shi kaɗai, ba ya zama a tabarmar Baba. Mutum ne mai barkwanci a da, shi yake ɗaukar yaran a kafaɗa.

Mai shekara takwas ya ji labarin tashen gwauro a bakin Kaka, sai ya zo mana da murna ya ce ai muna da gwauro a gida, a zana igiya a takardar gobe. Sauran suka ɗauka da ihu. Mu ukun muka ce a dakata, muka tafi wurin Kaka. Ta ba mu labarin yadda ake yi a Kano, cewa akwai Nalako, sarkin gwagware, wanda yake jagorantar wannan tashen, ana ɗaura wa gwauro igiya ana zagayawa da shi ana kiɗa, har gidan Sarki. Ta ce dariya ce ake yi don a zaburar da mutum ya yi aure. "Amma wanda ciwonsa bai warke ba," in ji ta, "ba a wasa da shi sai ya ce a yi. Ɗayanku ya je shi kaɗai, da rana, ya tambaye shi. In ya ce a'a, kada na ƙara jin zancen."

Namijin cikinmu ya je. Ya dawo ya ce Baffa ya yi shiru har ya ɗauka bai ji ba, daga baya ya ce, "Je ka, na ji." Muka gaya wa yaran cewa babu wannan wasan, kuma duk wanda ya ambaci gwauro a ƙofar Baffa an cire shi daga tashe. Suka kiyaye. Kullum dai mukan tsaya a ƙofarsa mu yi sallama mu yi wasan ranar, ya miƙo abin da ya samu ta taga.

Daren azumi na goma sha bakwai, muna cikin yin Jatau a ƙofar Goggo, sai muka ji ƙarar ƙarfe daga wajen zaure. Baffa ne. Ya sa yagaggiyar riga, ya rataya tsohuwar tukunya da ludayi da murfin kwano a wuya, ya ɗaura igiyar guga a ƙugu. Ya zo ya miƙa wa Auta bakin igiyar ya ce, "To ga gwauron, ku ja." Yaran suka tsaya suna kallonmu, domin mun hana. Muka dubi Kaka da take zaune a bakin ƙofarta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Me kuke jira? Ku buga!" Ita da kanta ta ja waƙar, tunda wannan ba ta koya mana ita ba. Auta tana jan igiya, Baffa yana tirjewa yana faɗuwa da gangan, tukunya tana ƙara. Har Baba ya fito daga turaka. A daren an wuce ƙarfe goma, kuma mai dokar bai duba agogo ba. Washegari da aka kira Magariba, Baffa ya ɗauko kofinsa ya zo ya zauna a tabarmar Baba.

Abin da aka tara

Ranar Laraba 19 ga Maris muka rufe. Da muka zazzage asusun, an sami naira 2,350, da gero kwano ɗaya da rabi, da ƙullin sukari huɗu. Dabino kam ba ya kwana. Muka bar wa yaran su yanke yadda za a yi da su. An yi gardama sosai, domin wasu alewa suke so a saya da kuɗin duka. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa geron da sukarin a ba Inna ta dama kunu a raba wa almajiran da suke zuwa ƙofar gida, su yaran da hannunsu suka miƙa. Kuɗin kuma aka raba bakwai, kowa ya sami naira 300, suka sayi balan-balan da alewa ranar Sallah, Lahadi 30 ga Maris. Ragowar naira 250 suka ce a sayo wa Kaka goro, wai ladan malanta.

Ga mai son gwadawa

Ku fara da neman izinin mai gida, ku kuma riƙe sharuɗɗan da ya ba ku. Ku nemi tsoho ko tsohuwa a gidanku ko maƙwabta su koya muku, ku rubuta, domin abin da yake ka kaɗai yana iya ɓata. Idan gidanku ƙofa ɗaya ne, ɗaki da kicin da bakin ƙofa ma sun isa, ko ku haɗa da gidan da kuke katanga ɗaya idan iyaye sun yarda. Ku tabbata kowane yaro ya sami ranarsa, har wanda ba ya son magana. Kada ku tsorata su da aljanu ko dodo, kada kuma ku gaya musu abin da ba haka yake ba. In wasa zai taɓa wani a gida, ku tambaye shi tukuna.

Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da wajen kwana 11, don haka azumi mai zuwa zai ɗan matso gaba in Allah ya kai mu. Akwai lokacin shiri. Tsohon kara yana cikin adakar Kaka a naɗe da tsumma, littafinmu mai shafi tara kuma yana nan. Mun san akwai wasannin tashe da yawa da ba mu samu ba, musamman na wasu garuruwa. Duk wanda kakarsa ko kakansa ya iya wani, ya rubuto ya kawo ranar taron kulob, mu haɗa su wuri guda mu ajiye a laburaren makaranta.